Da Bakina Na Yi Masa Kwatancen Gidanmu

Duk wanda ya fara karanta wannan yana dariya ya yi a hankali, don akwai wurin da dariyar za ta tsaya masa a maƙogwaro kamar yadda tawa ta tsaya. Abin da za ni gaya muku bai ƙare ba tukuna, kuma ni da kaina na buɗe masa ƙofa, da rana tsaka, gaban mutanen gari.

Sunana Bawa. Tela ne ni a Sabon Birni, shagona na bayan tasha. Mu Kirista ne, ba mu da yawa a garin, majami'armu ƙarama ce mai rufin kwano, irin wadda idan ana ruwa ba a jin wa'azi. Bana kuwa mun ji wa'azi tas, babu kalmar da ta wuce mu, don ruwan ya ƙi zuwa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya yana kallon sama kamar mu. Rijiyoyin unguwa sun kafe, mata sai dai su tafi famfon da ke hanyar Gangara su jera jarkoki tun sanyin safiya.

Ga fari, ga kuma an kashe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Sai kowa ya nemi layin Nijar wurin 'yan kasuwar Burkusuma da ke bakin iyaka. Shi kuma sabis ɗin Nijar ba ya shigowa cikin gari, sai ka hau wani tudu da ke arewa, kusa da tsohon gawo, ka ɗaga waya sama kana juyawa. Ku zo da la'asar ku ga ikon Allah. Liman, Fasto, mai shayi, mahauci, kowa hannu sama. Maƙwabcina Labbo, wanda ke kawo taliya da sukari daga Maraɗi, ya ce ko ruwan sama kowa a wurinsa yake roƙo, amma sabis ya haɗa Musulmi da Kirista a fili ɗaya.

Wayar gidanmu mai shafawa guda ɗaya ce, tawa ce da suna, amma a hannun ɗiyata Rifkatu take kwana. Rifkatu ta gama sakandare, shekararta sha tara, ita ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙa ta majami'a. Idan ta ce za ta tudu ta sauke sabbin waƙoƙi, ba na hanawa.

Matata Kande ce ta fara shinshino abin. Wata rana ina cin tuwo ta zauna gefena ta ce, "Maigida, ɗiyarka na dariya ita kaɗai."

Na ce, "To kuka kike so ta yi?"

"Tana daka tana dariya. Mi ke cikin turmi na ban dariya bana?"

Na ce ƙila waƙa ce ta tuna.

"Waƙa ce ke sa a ɗaura kallabin Kirsimeti a hau tudu ranar da ba Lahadi ba?"

Nan tuwon ya fara yi mini nauyi. Ku da kuke da 'ya'ya mata kun san wannan nauyin, ba a ciki yake tsayawa ba, a ƙirji yake.

Washegari na rufe shago da wuri, na shimfiɗa tabarma a rumfa na kira ta. Ta zo sanye da atamfa ruwan ganye da na ɗinka mata bara, mai hannu buɗaɗɗe, ta durƙusa. Na ce ta buɗe mini wayar. Ta ce caji ya kusa ƙarewa. Uwar ta ce ai ko rabin numfashi ya rage mata a buɗe. Ta buɗe.

Ashe wani saurayi ne, sunansa a wayar Ɗan'uwa Iliya. A wani zauren Watsaf na mawaƙan majami'u suka haɗu, ta saka muryarta tana waƙa, shi kuma ya bi ta gefe. Kowace safiya aya, kowane yamma addu'a. Na sa ta karanta mana da ƙarfi.

"Ɗiyar Sarki, kin tashi lafiya? Na yi mafarki kina waƙa gaban dubban mutane suna kuka."

Kande ta ce, "Su yi ta kuka. Ci gaba."

"Ni ɗan garin Isa ne, amma a Jos nake, ina da ɗakin naɗar waƙa. Irin muryarki zunubi ne ta tsufa a ƙauye."

Na ce, "Sabon Birnin ce ƙauye?" Kande ta harare ni, wai ba nan maganar take ba.

"Ubangiji ya nuna mini ke ce matata. Amma kada ki gaya wa kowa tukuna, Shaiɗan na amfani da bakin 'yan'uwa."

"Ni ce Shaiɗan ɗin ke nan," in ji Kande.

Saƙon ƙarshe shi ne ya sa Rifkatu ta yi ƙasa da murya. "Ranar kasuwar Isa ki zo tasha ke kaɗai. Za ni turo mai babur ya kawo ki inda na sauka, mu gwada muryarki."

Kande ta miƙe tsaye, zaninta har yana kwancewa. Ta ce a cire layin nan yanzu a jefa shi murhu. Ta ce duk mai cewa yarinya ta ɓoye wa uwarta magana ba Allah ne ya aiko shi ba, ko da ya haddace Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Da na bi maganarta a wannan lokacin, da yanzu ba ku da abin karantawa.

Amma sai na ce a nuna mini hotonsa.

Jama'a, ba fuskar na kalla ba. Fuskar ta saurayi ce mai hankali, siririn gemu, ba laifi. Ni kaftanin na kalla. Farar shadda ce mai nauyi, ta zauna masa a kafaɗa kamar a jikinsa aka saƙa ta. Aikin wuya da zare ruwan toka, an bi shi a natse, babu inda allura ta yi gaggawa. A ƙarshen aikin, gefen hagu, an lanƙwasa zaren ya yi kamar wutsiyar kunama. Ina ganin wannan lanƙwasa na san hannun. Duk ƙasar Gobir mutum ɗaya ke rufe aikin wuya haka, Kalilu na Isa, wanda muka koyi ɗinki tare a gaban maigida ɗaya.

Na ce, "Kande, yaron nan ɗan Isa ne da gaske. Ɗinkin Kalilu ne a jikinsa. Kuma Kalilu ba ya yi wa ɗan iska ɗinki."

Ta ce, "Yaron za ka aurar wa ɗiyarka ko kaftanin?"

Na ce ba aure nake magana ba. Kuskurensa ɗaya ne, ya bi ta taga alhali gidan na da ƙofa. Yaran yanzu ba su san hanya ba, sai an nuna musu. Ni ne uba, ni za ni yi masa magana. Idan mutumin kirki ne ya zo gida, idan na banza ne, jin muryar uba kawai zai sa ya gudu. A raina kuma, gaskiya za ni faɗa muku, ina cewa idan fa Allah ne ya buɗe wa yarinyar nan ƙofa a shekarar da gona ta rufe tata?

Da la'asar na sa babbar rigata ta zuwa biki, na ɗauki wayar na nufi tudu. Uba ba ya yi wa mai neman ɗiyarsa rubutu, magana ake yi, don haka Rifkatu ta nuna mini inda ake dannawa a riƙe a yi saƙon murya. Abin da ban lissafa ba shi ne, sabis ɗin ba ya kamawa sai waya na sama da kai, baki kuma yana ƙasa. Dole ka ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren gulbi.

Na danna na fara. "Salama alaikun Iliya! Bawa ne, uban Rifkatu!"

Tudu ya yi tsit. Mahauci ya sauke tasa wayar.

"Na ga saƙonninka! Ɗiyata ba za ta zo tasha ba, mu ba haka muke yi ba! In da gaske kake, ka zo gida! In ka sauka tasha ka tambayi shagon Bawa tela, ka bi lungun bayansa, ka wuce injin niƙa, gida mai koren ƙyaure kusa da na Labbo mai taliya!"

Labbo ya ce daga bayana, "Kai Tela, cire sunana cikin wanga lamari!"

Ban kula shi ba. "Kada ka zo da safe! Da safe tana famfon hanyar Gangara ɗibar ruwa, sai hantsi ya ɗaga take dawowa, ita kaɗai ke yi mana, ƙannenta sun yi ƙanana! In kuma Lahadi ta yi maka, ka zo ka yi sujada da mu, ka ji muryar da kunnenka!"

Mai shayi ya ce, "Ka manta ba ka gaya mai inda kake aje makulli ba."

Labbo ya ce, "Da lambar takalminka."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Na ji daɗin kaina sosai, na nuna wa gari cewa ɗiyata ba ta da abin ɓoyewa.

Kafin in sauko amsa ta shigo. Murya mai taushi kamar an shafa mata man shanu. "Baba, na durƙusa. Ka yi mini faɗa irin na uba, ni maraya ne, tun rasuwar mahaifina Maliki ba wanda ya yi mini haka. Za ni zo in sha ruwan gidanka, da yardar Ubangiji."

Baba. Har da durƙusawa. Na sa aka sake kunna mini, sannan na sake kunna wa mahauci.

A gida na gaya wa Kande cewa na yi magana, yaron na da ladabi. Ban kawo mata komai dalla-dalla ba, na dai ce na gayyace shi. Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da take yi wa hatsin da ta san an haɗa shi da yashi. Ta ce, "Tunda ka gayyace shi, ai neman aure ne, to a yi shi yadda ake yi. Ka tahi Isa ka binciko asalinsa. Ubana sai da ya san sunan jakin kakanka kafin ya ba ka ni."

Wannan gaskiya ce. Ranar kasuwar Isa na fita tun kafin rana ta yi zafi, na shiga motar da ta fara cika. Hanyar nan ba a shigarta sai da addu'a, kowa ya yi tasa, direba ya ce amin ga duka biyun. Hagu da dama gonaki sun yi launin buhu. Masu tafiya kasuwar yawanci dabbobi za su sayar, don ba abin ba su.

Na fara da gidan Dattijo Yari, wanda ke riƙe da makullin 'yar majami'ar Isa. Ya ba ni ruwa rabin kofi yana ba da haƙuri. Na ce ina neman dangin Iliya ɗan marigayi Maliki, mai naɗar waƙa a Jos.

Ya ce, "Ɗan wa?"

Na maimaita.

"Bawa, mu nan ko akuyar Kirista ce ta haihu sai mun je barka. Ba mu da Maliki, ba mu binne Maliki ba, ba mu da Iliya sai wani jariri da ko zama bai fara ba."

Na ce ƙila tun da daɗewa suka tashi. Ya ce shi a nan aka yanke masa cibi, kuma haƙoransa ma sun riga sun gama tashi.

Na ce ba komai, akwai Kalilu. Tela ya fi kowa sanin mutanen gari, shi ya san wanda ya yi ƙiba, wanda ya rame, wanda zai yi aure kafin uwarsa ta sani. Na same shi bakin kasuwa kan keken ɗinkinsa, zare a baki. Muka gaisa, ya tsokane ni wai har yanzu aljihun da nake ɗinkawa na kallon gabas. Na ciro wayar na nuna masa.

"Wanga ba hannunka ba ne?"

Ya kawo fuska kusa ya yi murmushi. "Nawa ne mana. Ka ga yadda ake rufe wuya, ka koya."

"To ka ba ni labarin Iliya."

"Wane Iliya?"

"Mai kaftanin. Ɗan'uwanmu ne Kirista, yana neman ɗiyata."

Kalilu ya tofar da zaren ya fashe da dariya har kekensa na girgiza. "Kirista? Attahiru ne fa, ɗan mai hatsin can! Kaftanin angwancinsa ne. Shi ke kiran salla in ladan ya yi mura. Ga shi can yana auna dawa, ka je ka ce mai Iliya ka ga."

Na leƙa. Ga fuskar nan, ga siririn gemun, yana zuba dawa a buhu da tsohuwar riga. Na ce to yaya aka yi hotonsa ya zo wayar ɗiyata?

Sai dariyar ta bar fuskar Kalilu. Ya karɓi wayar ya sake dubawa, ya jawo ni cikin shago bayan labule. Ya ce an zare wa Attahiru waya a cikin kasuwa tun kafin azumi. Ya ce ni ne mutum na biyu da ya kawo masa wannan hoton. Na farko wani manomi ne daga Tsamaye. A wayar tasa ɗiyar, sunan mai kaftanin Malam Alhassan, kullum hadisi yake turo mata, ya ce zai sa ta makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato. Bilki sunanta. Ranar wata kasuwa ta zo tasha, an ga ta hau bayan babur.

Na ce, "Sai kuma?"

Ya ce, "Uban yana zuwa duk kasuwa ya tsaya a tasha. Yau ma na gan shi."

Na zauna kan tarin yadin mutane. Kalilu ya ce in gode Allah tunda ɗiyata ba ta zo ba, in dai ba su san inda take ba ai da sauƙi. Ya ce, "Ba ta dai yi masu kwatancen gida ba ko?"

Na ce, "Ita ba ta yi ba."

Ya dube ni. Na dube shi.

"Bawa."

"Har da famfo," na ce. "Har da lokacin da take zuwa."

Na kalli waje, hantsi ya riga ya ɗaga. Isa babu sabis ko na rantsuwa, ba yadda za ni kira kowa. Ban san sa'ad da na fita shagon ba, Kalilu na biye da ni da hulata a hannu.

Motar da na samu ta komawa ba ta cika ba, na ce wa direba ya tashi, ya ce sai an samu mutum biyu. Na fara kiran fasinja da kaina, ina ihu Sabon Birni, Sabon Birni, har ɗan kamasho ya zo ya ce in bar masa sana'arsa. Aka samu wani da ragon da bai sayu ba, direba ya ce sun cika biyu. Aka ɗora mini ragon a cinya. Duk addu'ar da na iya na yi ta a kunnen ragon nan. Na ce Ya Yesu, kai ka san ni wawa ne, kada ka bari yarinyar nan ta biya wautar ubanta. Na yi alkawarin ba za ni sake yanke wa kowa hukunci da ɗinki ba. Rago na amsawa. A tsakiyar hanya mota ta yi zafi, direba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar ruwan shanmu yana ɗura mata. Wata tsohuwa ta ce bana har mota ta shiga layin ruwa. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Daga tasha da gudu na tafi. Mutum mai shekaruna da babbar riga yana gudu a cikin gari, yara suka biyo ni suna zaton gobara ce. Takalmina ɗaya ya tsaya wajen injin niƙa, ban koma ba. Na banka ƙyauren na faɗa tsakar gida.

Kande na tankaɗe. Rifkatu na zaune gefenta tana tsince wake. Fadima matar Labbo na kan kujera tana fifita da faifai.

Na tsaya ina haki, ƙafa ɗaya da takalmi, gashin rago duk a rigata. Na ce, "Ba ta je famfo ba?"

Kande ba ta ɗago ba. "Tun ranar da ka yi shela a tudu ba ta sake zuwa ba. Kai ne dai ba ka lura da wanda ke kawo ruwan da kake sha."

Ashe Labbo ya kai wa Fadima labarin don ta yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba, ta sa mayafi ta shigo ta gaya wa Kande kalma da kalma. Tun daga ranar su biyu ke zuwa famfon.

Fadima ta ce, "Zauna Baban Rifkatu, ka ji na yau."

Ta ce da safe wasu mutum biyu sun zo famfo kan babur, sun naɗe fuska da rawani. Suka tsaya gefe suna duban 'yan mata ɗaya bayan ɗaya. Da suka gaji, na bayan ya sauko ya ratsa ta cikin jarkoki ya nufi gaba, wajen bakin famfo, inda 'yan matan suka fi yawa. To ku da ba ku san layin famfo a shekarar fari ba, ko sarki bai isa ya tsallake jarka ba. Tsohuwa Tasalla, wadda ke tsaron layi da sandar rake, ta tare shi ta ce ina jarkarsa. Ya ce shi ba ruwa ya zo ɗiba ba, ɗiyar tela yake nema. Ta ce haka kowa ke cewa, jiya ma wani ya ce akuyarsa yake nema sai ga shi da bokiti. Mata suka taso. Wannan na cewa ɗan gidan wa ne, wannan na cewa ya buɗe fuska in shi namiji ne, wata ta kwaɗa masa jarka a baya. Ya ja da baya yana tuntuɓe, ya haye babur suka yi arewa.

"Yawancinsu har yanzu sun ɗauka layi ya zo tsallakewa," in ji Fadima. "Ni da Kande kaɗai muka san ba ruwa ya kawo shi ba."

Na ba su labarin Isa, da Attahiru, da Bilkin Tsamaye. Wake ya zube daga cinyar Rifkatu. Ta shige ɗaki. Kande ta ce in bi ta, wannan aikina ne.

Na same ta zaune bakin gado ta rufe fuska da kallabi. Na shirya faɗa a hanya, amma wanda ya yi shela a tudu da wane baki zai yi faɗa? Na zauna ƙasa. Ta ce, "Baba, ni ba aurensa nake so ba. Cewa ya yi muryata na da kyau. Tun da nake waƙa ba wanda ya taɓa gaya mini a gidan nan."

Na ce, "Ai kin san tana da kyau."

"Na sani a bakin mutane."

Na matsa kusa da ita. Na ce mata duk ranar da take jan waƙa, ni da ke tsaye bakin ƙofa ina tarbar baƙi, sai in juya baya kamar ina duba takalman mutane, don kada a ga idona. Ta yi dariya da hawaye, ta ce ita ta ɗauka takalman nake tsaro da gaske. Muka yi addu'a tare, ita ta roƙa wa Bilki, ni na kasa ƙarasa tawa.

Muka gaya wa Fasto, muka gaya wa shugaban 'yan sa kai na unguwa. Aka ce Rifkatu kada ta fita ko ƙofar gida sai da babba, a kashe wayar a aje, ranar Litinin a hau tudu tare da Labbo a tura wa hukuma saƙonnin gaba ɗaya.

Lahadin nan sujadar roƙon ruwa aka yi ta haɗin gwiwa. 'Yan'uwa suka zo daga ƙauyuka, da waɗanda rikici ya koro, da waɗanda ban taɓa gani ba, majami'a ta cika har waje. Kande ta ce Rifkatu ta zauna gida. Ni na ce ina ne ya fi gidan Ubangiji tsaro, ga mutane, ga ni a bakin ƙofa? Rifkatu ta sa farar riga da shuɗin zanen ƙungiya ta ja waƙa, mata na share hawaye. Ni kuma na yi aikina, duk namijin da ya shigo na ba shi hannu, na ce sannu da zuwa, na nuna masa wurin zama. Aka tashi lafiya, muka dawo gida lafiya. Har na ce wa Kande ta gani.

Ranar Litinin muka hau tudu ni da Labbo da shugaban 'yan sa kai. Na kunna wayar na ɗaga. Labbo na cewa yau dai in rufe bakina, a bar yatsa ya yi aiki. Sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Saƙo biyu, daga Ɗan'uwa Iliya.

Na farko rubutu ne. "Baba, na amsa gayyata. Muryar ta fi yadda take a waya. Na gode da wurin zama."

Na biyu hoto ne. Rifkatu ce a gaba, farar riga, shuɗin zane, bakinta a buɗe tana waƙa. Daga cikin majami'a aka ɗauke shi, ɓangaren maza, kan bencin da ni da kaina nake zaunar da baƙi.

Labbo ya karɓi wayar daga hannuna ya duba. Wannan karon bai yi ba'a ba.

A ranar muka sa Rifkatu a motar wani amintaccen Labbo, ita da uwarta, zuwa wurin da ba za ni faɗa ba ko an ɗaga ni sama da ƙafa. Na zauna da Fasto muna tuna fuskokin baƙin Lahadi, wannan ɗan wane ne, wannan daga ƙauye kaza, amma akwai da yawa da kowannenmu ya ɗauka ɗayan ne ya san su.

Na riƙe hannunsa, na yi masa sannu da zuwa, na zaunar da shi. Har yanzu ban san fuskarsa ba, ban san sunansa ba, kuma ban sani ba ko ya bar garin.